Direban da Ya Haye Dutse a Ƙafa

Babanmu ya yi shekara talatin da ɗoriya yana tuƙa bas tsakanin garinmu da garin da ke bayan dutse. Dutsen na tsaye gabas da mu, duk wanda ya buɗe taga da safe shi yake fara gani. Kawuna biyu gare shi, a tsakaninsu akwai wata lotsawa da ake kira wuyan dutse. Tsofaffi sun ce kafin a yi kwalta ta nan ake bi a ƙafa, a tashi da asuba a sauka can kafin rana ta faɗi. Da aka zo yin titi sai aka kewaya da shi ta kudu, yana ta lanƙwasa a gindin dutsen, hanyar ƙafar kuwa aka bar wa makiyaya da mata masu itace.

A tasha ba wanda ke kiran Baba da sunansa. Sannu-Sannu ake ce masa, kuma ya ci sunan. Ba ya tayar da mota sai ya zagaye ta yana bugun kowace taya da ƙafa, ya leƙa ruwan lagireto, ya zaro sandar mai ya goge ya sake tsomawa, ya taka birki ya saurara kamar mai jiran amsa. Samarin direbobi sukan bar tasha a bayansa su wuce shi a hanya suna masa hon. Masu gaggawa idan suka ga motarsa ce a layi sai su koma gefe su jira ta gaba. Amma mata masu ciki, da masu kai ƙwai kasuwa, da iyayen da za su sa yaro a mota shi kaɗai, su kam sai su zauna a benci su ce motar Sannu-Sannu suke jira. Duk tsawon shekarun nan ko akuya bai taɓa takewa ba. Shi bai taɓa kawo wannan zancen da bakinsa ba, mu ma a bakin mutane muka ji.

Yawancin shekarun tare da kwandasta ɗaya ya yi su. Mutumin ya daɗe da barin bin mota, ya buɗe shagon kayan gyara a bakin tasha, ya ajiye tumbi, ya yi furfura, har da jikoki. Duk da haka har gobe Kwandasta Baba yake ce masa, shi kuma yana kiran Baba Maigida. Mutum ne mai surutu, idan ya yi dariya har tsallaken titi ana ji.

Ciwon suga ne ya sauke Baba daga mota, ba wanda ya kore shi. Wata rana da magariba yana kan hanyar dawowa ya ga fitilun wata babbar mota sun zama huɗu a idonsa, ya kasa gane waɗanne ne na gaske. Ya gangara gefe ya tsaya har ta wuce, ya lallaɓa ya kawo fasinja tasha, ya sauke kowa, sannan ya kai wa mai motar makullinsa. Mai motar ya yi ta roƙo, ya ce to ya riƙa yin na rana kawai. Baba ya ce, “Idon da ya yi mini ƙarya da magariba, wata rana da hantsi zai yi mini.”

Zaman gida bai karɓe shi ba. Yakan fitar da kujerar roba ƙofar gida ya zauna da rediyo a cinya, yana kurɓar shayi ba sukari yana ɓata fuska. Har yadda Inna ke jera kwanuka sai da ya samo abin gyarawa a ciki. Likitar da ke duba shi, wata mace mai fara'a amma ba ta tauna magana, ta ce masa magani kaɗai ba zai yi ba, sai ya riƙa tafiya a ƙafa kullum. Mutumin da ko burodi zai sayo a bakin layi sai ya nemi abin hawa! Ya fara da zagaye unguwa yana haki, ya kai bayan makarantar firamare, daga baya har gonakin bayan gari. Bayan 'yan watanni wandunansa suka fara zamewa, ni na rage musu ƙugu.

Ni ce babbar 'yarsa. Tela ce ni, shagona na jikin gidan mijina, layi biyu tsakaninmu da gidan su Baba. Sunan mahaifiyarsa na ci, don haka Uwata yake ce mini. Wata safiya ya shigo shagon, ya ture tarin ƙyallaye ya zauna a benci, ya jira har na kai ƙarshen ɗinkin da ke kan keke.

Ya ce, “Uwata, jaka za ki ɗinka mini. Ta goyo, mai hannu biyu, da yadi mai ƙarfi.”

Na ce, “Baba, makaranta za ka koma?”

Ya nuna ƙofa da haɓa. Ta ƙofar shagona ana hango kawunan dutsen biyu a saman rufin maƙwabta. Ya ce, “Can zan bi. In haye ta wuya in sauka gidan Yaya.”

Yayarsa, wato Gwaggo, a can garin bayan dutse take aure tun kafin a haife ni. Na ɗauka wasa yake, na yi dariya. Shi bai yi ba.

Ya ce, “Shekara da shekaru ina kewaye shi safe da yamma, kamar wanda ya hango surukinsa a hanya. Ina so in ga abin da nake kewayewa kafin idon ya ƙarasa rufewa.”

Da Inna ta ji, sai ta tafa hannu ta yi salati. Ta ce, “Malam, likita cewa ta yi ka motsa ƙafa, ba ta ce ka koma biri ba. Idan ka faɗi a can wa zai ɗauko ka?”

Ya ce, “Shi ya sa ba gobe zan tafi ba.”

Kuma ba gobe ya tafi ba. Kusan damina guda ya ɗauka yana shiri. Ya fara da tambaya. Yakan tsaya a bakin gari da hantsi ya tari mata masu itace, ya taya su sauke kaya, ya tambaye su inda hanya ta fara da inda suke juyowa. Su ba sa wuce rabin hawa. Sai ya samo wani tsoho mai sayar da zuma a kasuwa wanda ya ce ya haye wuyan ba sau ɗaya ba, ya ce akwai wani tsagaggen dutse inda hanya ta rabu biyu, a bi dama. Baba ya yi godiya, amma bai tsaya nan ba. Ya bi wani makiyayi har inda yake shayar da shanu, makiyayin ya ce hanyar dama ruwa ya cinye ta tun bara, a bi hagu, ta fi tsawo amma tana da ƙasa. Ya kuma je wurin ma'aikacin da ke hawa duba turken waya a kafaɗar dutsen, ya tambaye shi inda waya ke ɗaukewa da inda take dawowa. Na ce masa tambayar ta yi yawa. Ya ce direban da ya hau hanya da labarin mutum ɗaya, shi ake tsamowa daga rafi.

Duk abin da ya jiyo, da yamma sai ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida ya kifa robobin wankin Inna guda biyu, su ne kawunan dutse. Ya ɗauko igiyar shanya ya bi da ita tsakaninsu, ita ce hanya. Murfin kwalba shi ne maɓuɓɓugar ruwa, ƙwallon mangwaro tsagaggen dutse, cokali kuma wata babbar bishiya da aka ce masa ana hutawa a ƙarƙashinta. Ya durƙusa yana matsar da su yana magana shi kaɗai. Inna takan tsaya a kansa da tulin wanki a hannu ta ce, “Idan an gama hawan, a ba ni dutsena ɗaya zan jiƙa kaya.”

Ya je wurin likita da kansa ya shimfiɗa mata komai, bai rage ba. Ta auna jininsa, ta saurari ƙirjinsa, ta sa ya cire takalmi ta duba tafin ƙafarsa da tsakanin yatsu. Ta ce zuciyarsa lafiya, zai iya, amma da sharaɗi: ya tafi da abin awon suga, ya riƙa ci kaɗan-kaɗan ko bai ji yunwa ba, ya sa alawa a aljihu saboda ko sugan ya faɗi, kuma kada ya kuskura ya tafi shi kaɗai. Ya dawo yana murna kamar an sabunta masa lasin.

Ƙannena maza duk suna aiki a nesa. Na ce ni zan bi shi. Mijina ya dube ni ya ce, “Ke da ko bene kika hau sai kin zauna?” Na ce ƙafar da ta yi shekaru tana taka keken ɗinki ba a raina ta. Kwandasta kuwa da ya ji labari a tasha, rufe shago ya yi ya zo gida yana huci. Ya ce, “Maigida, yaushe ka taɓa hawa hanya ba kwandasta?” Baba ya dubi tumbinsa ya ce, “Wannan lodin ya wuce ƙa'ida.” Aka yi dariya, amma ya yarda, da sharaɗin Kwandasta zai riƙa fitowa tafiyar safe tare da mu. Ya fito sau uku ko huɗu, daga nan kullum da uzuri: yau kaya sun iso, gobe jika ba lafiya.

Har can garin Baba ya je a mota, a matsayin fasinja, don kawai ya ga inda hanyar ke saukowa ta wancan gefen, kada mu gangaro da yamma mu rasa ta ina ake shiga gari. Na raka shi. Ya zauna a bayan direba, duk kwanar da aka sha sai in ga ƙafarsa ta dama tana taka birkin da babu. Ya ce wa Gwaggo duba ta muka zo yi, bai gaya mata komai ba, don ya san za ta hana.

Sai maganar takalmi. Ya sayi kambas, ya kai wa mai gyaran takalmi ya ɗinka masa tafin tsohuwar taya a ƙasa, ya yi ta yawo da shi makonni har ya yi laushi. Ni ma haka ya sa na yi. Ya ja wa Kwandasta kunne a kan wannan fiye da komai: kada ka zo mini da sabon takalmi. Na ɗinka jaka uku. A cikin kowace akwai gorar ruwa, burodi, dafaffen ƙwai, gyaɗa, dabino, rigar ruwa da tocila. A ta Baba an ƙara bandeji da man zafi da safa ta canji. Ya sare mana sanduna ya kankare su. Ya zaɓi lokacin da ruwa ya ɗauke amma maɓuɓɓuga ba ta ƙafe ba. Ya kuma kafa doka ɗaya: idan rana ta take tsaka ba mu kai wuya ba, ko saura taku kaɗan ne, juyowa za mu yi, don kada duhu ya same mu a gangara.

Ranar tafiyar muka fita bayan sallar asuba, gari ya fara wayewa. Inna ta rako mu bakin layi tana addu'a tana faɗa a haɗe. Kwandasta ya iso da wani takalmi baƙi mai ƙyalli. Baba ya haska shi da tocila. Kwandasta ya yi rantsuwa cewa tsoho ne, goge shi kawai aka yi.

Farkon hawan da daɗi. Raɓa a kan ciyawa, tsuntsaye, garinmu na ƙanƙancewa a bayanmu har na kasa gane rufin shagona. Baba na gaba, takunsa ɗaya, ba ya ƙarawa ba ya ragewa. Mukan tsaya mu sha ruwa, ya soki yatsa ya auna suga, ya jefa dabino a baki. Kwandasta na ta ba da labaran tasha. Bayan mun wuce tsagaggen dutse muka bi hagu, sai na lura labaran sun ƙare. Da muka kai babbar bishiyar nan ya zube a ƙasa. Baba ya ce ya cire takalmi. Ya ƙi. Baba ya durƙusa ya cire masa da kansa. Safar ta manne da jini, duga-dugansa biyu sun saɓule.

Kwandasta ya sunkuyar da kai ya ce, “Ɗana ne ya aiko mini da shi, Maigida. Ya ce na masu hawan dutse ne. Na ji kunyar in bar shi a gida.”

Daga inda muke ana ganin wuyan dutse ƙiri-ƙiri, har ciyawar da iska ke kaɗawa a kansa. Rana ba ta kai tsaka ba. Da ni da Baba ne kawai, da mun kai da sauran lokaci.

Kwandasta ya ce, “Ku je. Ku bar ni nan da ruwa, idan na huta zan lallaɓa in koma. Wallahi ku je, kada in zama sanadi.”

Baba ya buɗe jakarsa. Ya wanke masa ƙafa da ruwan gorarsa, ya naɗe da bandeji, ya sa masa safarsa ta canji, ya ɗauko wuƙa ya yanke bayan sabon takalmin don kada ya taɓa ciwon. Sai da ya gama ya ce, “Duk shekarun da muka yi tare, ka taɓa ganin na sauke fasinja a daji?”

“Amma Maigida, duk shirin nan da ka yi…”

“Dutsen tafiya zai yi? Tashi.”

Ya ɗaga kai ya dubi wuyan sau ɗaya, ya ɗan daɗe yana kallo yana ƙanƙance ido. Sannan ya rataya jakar Kwandasta a ƙirji, tasa a baya, ya ba shi sandarsa ya haɗa biyu, muka juyo. Ni hawaye ne suka cika mini ido, don na san idonsa kullum ƙara dushewa yake, ba wanda ya san ko baɗi zai ga hanya. Saukar ta ɗauke mu har bayan la'asar. Duk tsawon hanyar Baba bai ce uffan a kan takalmi ba. Shi ne ma ya riƙa tsokano tsofaffin labarai, na ranar da wata mata ta haihu a motarsu, da ranar da rago ya kwance ya shiga tsakanin fasinja, har Kwandasta ya fara dariya yana ɗingishi.

A tasha an sami abin yi. Aka ce dutse ya ga Sannu-Sannu ya ce ba ya ɗaukar tsofaffin motoci. Wani ya ce da ma a hanyar ya kwana kamar yadda ya saba. Duk wanda ya tambaye shi abin da ya faru, sai ya ce, “Lokaci ne bai ba mu ba.” Bai taɓa ambaton ƙafar Kwandasta ba. Kwandasta ne da kansa ya tashi a tsakiyar majalisa wata rana ya faɗi gaskiya, ya ce duk mai sauran dariya ya zo ya yi da shi.

Kafin ƙafar ta warke maɓuɓɓuga ta ƙafe, zafi ya shigo. Baba ya ce sai baɗi. A cikin wannan shekarar aka yi masa aikin yanar ido a ido ɗaya, ya yi makonni da auduga a fuska, Inna na ɗiga masa magani yana ƙorafi. Idon ya buɗe, ba kamar da ba, amma ya isa ganin hanya. Abin da ya fi ba ni mamaki Kwandasta ne. Kullum da sassafe sai mu ji bugun ƙofa, shi ne a tsaye da sanda da tsohon kambas. Ko ruwa ake yi sai ya zo. Matarsa ta zo har shagona da rigunansa a rage, tana cewa ban san abin da babanki ya yi wa mijina ba, amma Allah ya saka masa.

Da ruwa ya sake ɗaukewa muka sake fita, mu ukun. Baba ya koma ya tambayi makiyayin nan ko damina ta canza wani abu, aka ce wata bishiya ta faɗo ta tare hanya a sama da maɓuɓɓuga, ana bi ta ƙarƙashinta. Haka muka tarar. Da muka zo bishiyar da muka juya bara, Kwandasta ya ƙi zama, a tsaye ya ci ƙwansa. Daga nan hanya ta miƙe tsaye, duwatsu na zamewa a ƙarƙashin ƙafa, numfashina har zafi yake a ƙirji. Baba ya tsaya sau ɗaya hannunsa na rawa, ya ce sugan ne, ya tsotsi alawa, muka jira har rawar ta tsaya. Rana ba ta kai tsaka ba muka taka wuyan dutse.

Iska ce ta fara tarar mu, mai sanyi, har sai da na ƙara ɗaure ɗankwalina. Wurin fili ne ɗan ƙarami, ciyawa gajera, da tarin duwatsu da masu wucewa suka jera. Kwandasta ya ɗaga hannu biyu yana kabbara. Baba ya taka a hankali zuwa gefen kudu ya tsaya, ya kare ido da tafin hannu. Can ƙasa titi ne kwance kamar zare, ga kwanoninsa duka a waje ɗaya. Ya fara nuna mana su: ga inda ake sauya giya, ga gadar da ruwa ya taɓa ɗaukewa, ga inda matar nan ta haihu. Sai ga wata farar bas ta fito daga bayan tudu, ƙarama kamar ƙwaro, ta nufi babbar kwana. Baba ya bi ta da ido har ta sha kwanar. Ya girgiza kai ya ce, “Wannan yaron gudu yake yi.”

Muka yi sallar azahar a can, muka ci abinci, ya duba ƙafafunmu ɗaya bayan ɗaya. Ya ce kada mu yi murna tukuna, hawa ba ya kashe mota, gangara ke kashe ta. Gaskiyarsa. Saukar ta fi hawan wuya nesa ba kusa ba. Gwiwoyina suka riƙa karkarwa, Baba kuwa a wasu wuraren da baya yake sauka yana dafa dutse, Kwandasta na ƙasa da shi yana cewa, “Taho, taho, dama kaɗan, ya isa, tsaya!” kamar yadda yake yi masa a da idan za a juya mota a tasha. Rana ta yi ja muka shiga gari ta bayan wata makaranta, daidai inda Baba ya zo ya gani bara.

Gwaggo na zaune a tsakar gida tana tsince shinkafa a faranti. Ta tsufa ƙwarai, kunnenta ya yi nauyi. Ta dube mu, ƙura har gira, da sanduna da jakunkuna.

Ta ce, “Auta! Motar ce ta lalace?”

Baba, da furfurarsa da komai, ya durƙusa ya gaishe ta. Ya ɗaga murya ya ce, “A'a, Yaya. A ƙafa muka zo. Ta kan dutse.”

“Ta ina?”

“Ta kan dutse!”

Ta ajiye farantin. Ta ce, “Me ka yi wa direbobin suka ƙi ɗaukar ka?”

Kwandasta ya fashe da dariya har ya zauna a ƙasa. Da ta gane da gangan muka yi, ta yi wa Baba faɗan da ban taɓa jin an yi masa ba. Ta ce tun yana yaro haka yake, shiru-shiru amma idan ya sa abu a ka sai Allah. Ta ce ya jawo matar mutane, uwar 'ya'ya, cikin duwatsu. Tana faɗan tana sa jikarta ɗora ruwa. Ta zuba gishiri a ruwan ɗumi, ta jawo ƙafafunsa da hannunta ta tsoma a roba, tana matsa masa tana ci gaba da faɗa. Shi dai yana cewa, “Haka ne, Yaya. Na tuba, Yaya,” yana murmushi. Can da faɗan ya lafa, ta rage murya ta ce, “To, yaya can saman yake?” Ya gyara zama ya fara ba ta labari.

Sau biyu ya sake hayewa bayan wannan, shi da Kwandasta. Yanzu gwiwa ta hana shi, tafiyarsa ba ta wuce gonakin bayan gari. Amma labari ya bazu a layin masu suga na asibiti, inda suke haɗuwa ranar awo. Bana wasu mata biyu da wani tsohon malamin makaranta suka zo gida suka ce su ma suna so. Ya tura su wurin likita tukuna, ya yi makonni yana fita da su da safe, ya haɗa su da Kwandasta ya ja su.

Ranar tafiyar ya raka su har gindin dutse, ni na riƙe masa kujerar roba. Ya zauna a inuwar wata bishiya ya ce ba zai koma gida ba sai ya ji sun sauka. Na koma shago, na kawo masa abincin rana, na sake komawa. Da na dawo da yamma yana nan inda na bar shi, waya a tafin hannu, ya ƙura wa dutsen ido. Na zauna a kan saiwar bishiyar muka jira tare. Ana gab da kiran magariba wayar ta yi ƙara. Tun kafin ya kai ta kunne nake jin muryar Kwandasta da ta matan a bayansa suna ta magana a tare. Baba ya tambaya ko kowa lafiya, ya tambayi ƙafar malamin, ya saurara, ya ce, “To, madalla. A ba su ruwa su sha.” Ya kashe wayar ya sa a aljihu, ya miƙo mini hannu na tayar da shi.

Ya ce, “Ɗauko kujerar, Uwata. Yunwa nake ji.”